Daga Akokan Zuwa Bakin Kogi da Goyo

A garuruwan yuraniyom na arewacin Nijar, wato Arlit da Akokan, akwai kalmar da ake jira kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka, ita ce konje, hutun shekara na ma'aikaci. Dalilin haka kuwa a tarihin garuruwan yake. Kafin 1969 babu gari a wurin, sai fili da duwatsu da Abzinawa makiyaya masu wucewa da raƙumansu. Kamfanin SOMAÏR, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya haƙa ramin Akuta mai zurfin kimanin mita 250, aka kuma gina Akokan domin ma'aikatansa. Nan take mutane suka kwararo daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso da Yamai. Sun zo da ƙarfinsu da matansu, amma sun bar tsofaffinsu a kudu. Saboda haka aka daɗe ana haihuwa a waɗannan garuruwa ba tare da kakanni a kusa ba, kuma yaron da aka haifa a can, in ana so dangi su san shi, sai an ɗauke shi an kai musu.

A watan Afrilu na 2008 wata matashiya ta haifi ƴarta ta fari a Akokan. Ita kanta haifaffiyar garin ce. Mahaifinta ya yi ƙuruciyarsa a cikin ramin Akuta, da ya yi ritaya ya kwashi iyalinsa ya koma Tawa, ya bar ta a ɗakin aurenta. Mijinta, mai gyaran injuna a ramin nan, mutumin Yamai ne, kuma a can mahaifiyarsa take, a unguwar Bukoki, tsufa ya kama ta, yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dusashewa. Al'ada ta so a ce mai haihuwar fari ta tafi gida wankan jego, amma hanya ba ta bari ba. Wata maƙwabciya Badamagara ce ta dafa mata ruwan wanka har arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta koya mata ɗaurin goyo. Ranar suna aka raɗa wa jaririyar sunan kakarta ta Yamai, aka kuma sakaya da Ummi, domin ba mai iya kiran sunan tsohuwa gatsau a gidan ɗanta.

Da konje ya kusato a watan Agusta, sai gardama ta tashi, ba a cikin gidan kawai ba, har a layinsu duka. Masu hana tafiya suna da hujja. Daga Arlit zuwa Yamai tafiyar kimanin kilomita 1,200 ce. Tun watan Fabrairun 2007, da ƴan tawayen MNJ suka kai hari Iferwan, arewa ba ta zauna lafiya ba. A watan Agustan wannan shekarar Shugaba Mamadu Tandja ya sa jihar Agadas ƙarƙashin dokar tsaro ta musamman, nakiyoyi sun tashi da motoci, kuma matafiya tsakanin Arlit da Agadas sai a ayari da rakiyar soja. Bugu da ƙari, Agusta tsakiyar damina ce a kudu, lokacin da sauro ke cin karensa ba babbaka, alhali jaririyar da aka haifa a busasshiyar ƙasa ko kukansa ba ta taɓa ji ba. Hujjar da aka fi nanatawa kuwa ita ce ta ƙarshe: ƴar wata huɗu ba za ta tuna komai ba, to wahalar ta mece ce?

Maigidan ma ya karkata ga wannan ra'ayi. Wani dare ya ce wa matarsa: "Amarya, mu bari sai baɗi. Ta yi ƙwari, hanya ma ta yi sauƙi."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce: "Malam, ita Ummi za ta yi ƙwari baɗi in Allah ya so. Idon Inna fa?"

Bai sake tayar da maganar ba. Washegari ya tafi tasha ya sayo tikiti.

Akwai wani abu kuma da ba ta faɗa masa ba, domin abincin gidan daga ramin yake fitowa. Ita ba ta ɗauki Akokan wurin da ya fi ko'ina aminci ga jariri ba. Ta girma tana ganin iska na kwaso ƙura daga tsibin tarkacen ma'adini tana watsa ta cikin gari. A ƙarshen 2003 masu bincike na wata cibiyar Faransa mai suna CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan, sun auna tsofaffin ƙarafa da ake sayarwa a Arlit, suka ba da rahoton gurɓata a jikinsu. Ƙungiyar Greenpeace ta zo a 2009 ta ba da irin wannan rahoto kan wasu titunan Akokan, kuma gardama ta daɗe tsakanin waɗannan ƙungiyoyi da kamfanoni kan girman haɗarin. Miji yana tsoron sauron kudu, mata tana tsoron ƙurar arewa, kowanne kuma da gaskiyarsa.

Shirin tafiya ya ci mako guda. Ta kai yarinyar asibiti aka duba katinta: an yi mata allurar haihuwa, an yi ta mako 6 da ta mako 10 da ta mako 14. Ma'aikaciyar jinya ta ja mata kunne kan abubuwa uku. Kada a ba jaririyar ruwa ko jiƙo, komai zafin rana, nono kaɗai har wata shida, uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Ta riƙa duba maɗigar yarinyar da fitsarinta, in maɗiga ta loɓa ko fitsari ya ɗauke, to jiki ya bushe, a nemi likita. Kada kuma ta kwana ko dare ɗaya a kudu ba cikin gidan sauro ba. Aka haɗa zannuwan goyo shida, da tsummokaran fitsari, da jarkar ruwa, da buta, da gidan sauro mai magani. Maigida ya yanke shawarar a raba tafiyar uku: Agadas, Tawa, sannan Yamai.

Hanyar da ta haɗa Tawa da Arlit, mai tsawon kimanin kilomita 650, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 domin manyan motoci masu kawo kayan aiki su kwashi garin yuraniyom zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya sa ake kiranta hanyar yuraniyom. Ba don mai goyo aka yi ta ba, kuma nauyin da ta ɗauka shekara talatin ya cinye kwaltarta a wurare da dama. Kilomita 240 ne zuwa Agadas, amma ayari ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa don kukan jariri. Motar soja a gaba, motar soja a baya, direba na bin sawun ta gabansa ba ya kaucewa ko taku ɗaya. An rufe tagogi saboda ƙura, zafi ya taru a ciki. Ummi ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Wata tsohuwa da ke kujerar baya ta miƙo murfin gora cike da ruwa, ta ce: "Ƴar nan, ba ki da tausayi? Ɗiga mata, ƙishi ne."

Uwar ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta shanye da kanta, ta ce: "Iya, ta nan zai isa gare ta." Tsohuwar ta yi tsaki, amma can an jima ita ce ta ciro maficinta ta yi ta yi wa jaririyar fifita har aka hango hasumiyar masallacin Agadas. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, kuma ba a gane gaskiyar maganar sai a cikin mota mai nisan zango: kafin a kai Tawa washegari, Ummi ta bi hannun mata biyar da ɗan kamasho ɗaya.

Daga Agadas aka tashi kafin asuba. Gari na wayewa ƙasa ta fara canza kama. Wajen Abalak ciyawa ta rufe tuddai, tafkuna sun cika, garken shanu na Fulani da raƙuman Buzaye sun nufi arewa wajen ƙasar gishiri ta Ingal, kamar yadda suke yi kowace damina. A Tawa suka kwana biyu gidan iyayenta. Nan kunyar ɗan fari ta tashi: ba ta ɗaukar yarinyar a gaban mahaifinta, ba ta kiran sunanta, tana yi kamar ba ta ji kukanta ba, alhali zuciyarta na kanta. Mahaifiyarta ta haɗa jiƙo irin wanda aka ba su suna jarirai. Ƙin karɓar ruwan tsohuwar cikin mota ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Sai mahaifin ne, wanda ya yi shekaru yana bin ƙa'idar aiki a ƙarƙashin ƙasa, ya raba gardama da cewa abin da likita ya hana a bar shi.

Zango na uku ya bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 550. Sun shiga Yamai da magariba, ana yayyafi. Tsohuwa na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tun la'asar. Aka ajiye mata jaririyar a cinya. Ta sa aka matso da fitila, ta kusanto da fuskarta ta wajen idon da ke gani, ta daɗe tana dubawa, sannan ta bi goshi da hanci da kunnuwa da yatsunta. Ta ce: "Kishiyata, kin zo ƙwace mini suna, ga shi kin ƙwace har da kunnuwan mijina." Aka yi dariya. Ɗanta ya tashi ya fita waje kamar mai neman buta.

Kwana goma sha biyu suka yi, kuma sun yi yawon buɗe ido kamar yadda mutanen konje ke yi. Uwar, wadda ta kai shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ganin kogi ba, ta tsaya a kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tana kallon ruwan Kwara ja wur saboda lakar damina, da masunta cikin kwale-kwale, da masu wanki a bakin gaɓa. Ta juyo da goyonta wajen ruwan domin yarinyar ta gani, sai ta tarar barci take. A Babbar Kasuwa ma barci ta yi. Suka je Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1959, mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Can suka ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono daga hamadar jihar Agadas, da gawar itaciyar Tenere, wadda mota ta ture a 1973 aka kawo ta birni aka yi mata rumfa, da kuma zauren da aka keɓe wa yuraniyom, inda maigida ya tsaya yana nuna wa matarsa hotunan irin injunan da yake gyarawa. Ta ce masa: "Malam, ashe mun yi tafiyar kwana huɗu ne don mu kalli gida."

Dare na takwas jikin Ummi ya yi zafi. Ta ƙi nono, ta yi ta ƙananan koke-koke. Duk maganganun mutanen layinsu na Akokan suka dawo wa uwar a kunne, ɗaya bayan ɗaya. Da tsakar dare suka ɗauki tasi zuwa asibitin unguwa, inda tun dokar 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Aka ɗebi jini a yatsa. Jiran sakamakon bai kai awa ɗaya ba, amma a cikinsa miji da mata ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, mura ce ta canjin iska. Da suka komo da asuba suka tarar tsohuwa ba ta runtsa ba, tana zaune da tasbaha a wurin da suka bar ta. Wanda ya ce tafiyar ba ta da haɗari bai faɗi gaskiya ba. Da sakamakon jinin ya zo da wani abu dabam, da labarin da ake bayarwa a layinsu ba wannan ba ne.

Sun koma arewa kafin azumi, wanda ya kama a farkon Satumba a shekarar. Tsohuwa ta ba jikarta zanen saƙi wanda ta goyi ɗanta da shi. Ta rasu da bazara, kafin konje na gaba ya zagayo.

Masu cewa jariri ba ya tuna tafiya sun yi gaskiya. Ummi ba ta san gadar Kennedy ba sai a hoton da aka ɗauke su, inda kanta kawai ya leƙo daga cikin zani. Amma zumunta, da Hausawa suka ce a ƙafa take, ba ta jiran wanda aka kai ya yi wayo. Waɗanda suka karɓe ta su ne suka tuna, kuma da wannan tunawa ta sami gurbi a gidaje biyu da ba a haife ta a cikinsu ba. Amfanin haka ya bayyana daga baya. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta saboda ma'adinin ya ƙare, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, gidaje da dama na Akokan suka watse. Iyalin nan suka sake hawa hanyar yuraniyom, wannan karon da katifu da tukwane. Da suka sauka a Bukoki, ƴan matan gidan ba su san yarinyar ba, amma gwaggonninta suka fito suna kiranta da sunan da tsohuwa ta sa mata, suna ba ta labarin daren da ta hana kowa barci, suka nuna mata ɗakin da aka fara ajiye ta a cinya. A cikinsa ta kwana a daren.