Ɗan Zango a Filin Golf

Idan aka ambaci wasan golf a majalisar zango, ko a Nima ta Ankara ko a Aboabo ta Kumasi, dariya ce take fara zuwa. Wani ya ce wasan waɗanda suka ƙoshi ne, wani ya ce ina dalilin da zai sa babban mutum ya yini cikin rana yana bin ƙwallon da bai kai ƙwan kaza ba. Ba na ganin laifinsu. Yawancinmu ta tagar mota muke hango filin golf: koriyar ciyawa a bayan shinge, ana yi mata ban-ruwa har a tsakiyar rani. Sai dai akwai 'ya'yan zango da suka san waɗannan filaye ciki da bai, fiye da masu su, kuma ni ɗaya ne daga cikinsu. Na taka irin waɗannan wurare a matsayi uku: ɗan ɗaukar jaka, baƙon mamba, da matafiyi mai jiran layi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga taƙaitaccen bayani. Fili yana da ramuka 18, kowanne da nisansa. Ɗan wasa zai doki ƙwallo da sanda tun daga mafara har ya jefa shi cikin rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Ba a yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 ba. Wanda yake ɗaukar jakar sandunan, yana bin mai wasa a ƙafa na tsawon awa huɗu, shi ake kira kadi.

Ina ɗan shekara 13 wani maƙwabcinmu ya kai ni wani kulob a kudancin ƙasar nan, wanda ba zan kama sunansa ba. Ta wata ƙaramar ƙofa da ke bayan ɗakin girki muke shiga, mu zauna a gindin darbejiya muna jiran a kira mu. Ɗaukar jaka shi ne mafi sauƙin aikin kadi. Babban aikinsa shi ne sanin ƙasa. Dole ya san cewa a lokacin hunturu ƙasa takan bushe, ƙwallo ya yi ta gudu bayan ya sauka, da damina kuwa inda ya faɗi nan zai tsaya. Dole ya san yadda raɓar safe take rage wa ƙwallo sauri, da ɓangaren da ciyawa ta kwanta a kewayen rami, da sandar da ta dace da ƙarfin hannun maigidansa a wannan rana, ko da maigidan yana ganin kansa ya fi haka. Idan ƙwallo ya faɗa rami, maigida ake yi wa tafi. Idan ya kauce, yaro ne bai duba da kyau ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka akwai ranar Litinin. Ranar ce ake rufe filin don yankan ciyawa, kuma da la'asar a bar mu mu yi wasa. Mu huɗu kan raba sanduna uku, da ƙwallayen da muka tsamo daga kududdufi, ƙafa ba takalmi. Har yau ina jin sanyin ciyawar a tafin ƙafata ranar da na fara tsayawa a mafarar rami na ɗaya, wurin da na shafe shekara guda ina tsayawa a bayan wasu. Na doka, ƙwallo ya tashi ya miƙe kamar an ja shi da zare, na tsaya ina kallonsa har ya sauka. A ranar na gane cewa abin da idona ya koya hannuna ma yana iya yi.

Babbanmu wani dattijo ne da muke kira Kawu. Ya yi shekara talatin yana ɗaukar jaka a filin, bai taɓa zama a barandar gidan kulob ba, amma da sandunan aro na ga ya gama ramuka 18 da bugu 74, abin da yawancin mambobi ba su taɓa kusanta ba. Wata Litinin ƙwallonsa ya shiga doguwar ciyawa, yana gyara tsayuwa sai sandarsa ta taɓa shi ya ɗan motsa. Babu wanda ya gani. Da muka kai rami sai ya ƙara wa kansa bugu ɗaya. Na ce, "Kawu, ai ba kowa a wurin." Ya ce, "Yaro, wannan wasa ba a bin mutum da alƙali. Kai za ka ƙirga wa kanka, kai kuma za ka kwana da lissafin." Dokar golf ce haka a ko'ina cikin duniya, amma a hannun wanda ba a bari ya shiga ta ƙofar gaba na fara ganin an cika ta.

Da na girma na fara karance-karance, sai na tarar labarinmu ba a Gana ya tsaya ba. A jihar Jojiya ta Amurka akwai kulob ɗin Augusta National, inda ake gasar Masters tun 1934. Ba a neman zama mamba a can, sai dai a gayyaci mutum. Har zuwa 1982 dole ne duk ɗan wasan da ya zo gasar ya ɗauki kadin kulob ɗin, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne, da yawansu daga wata unguwa da ke kusa mai suna Sand Hills. Wannan unguwa ita ce zangonsu. Su ne suka san sirrin ƙasar, su ne suka raɗa wa zakaru inda za su buga. Amma sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasar, sai a 1990 kulob ɗin ya karɓi baƙar fata a matsayin mamba, mata kuwa sai 2012. Lokacin da Tiger Woods ya lashe gasar a 1997, a gidan wani mai talabijin muka kalli labarin, kuma Kawu bai ce uffan ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe.

Shekaru suka shuɗe, na bar jaka na kama cinikin kayan gyaran mota, Allah ya rufa asiri. Wata rana wani abokin ciniki, mamba a wani kulob dabam, ya gayyace ni wasa. Mai gadi ya ɗaga mini ƙarfen ƙofar gaba, na sa hannu a littafin baƙi, wani matashi ya sheƙo ya karɓi jakata. A rami na uku na ji yana ƙirga taku a hankali da Hausa. Na ce, "Ɗana, daga wane zango?" Ya yi turus, sannan ya yi murmushi ya faɗa mini. Daga nan bakinsa ya buɗe. A rami na tara ya ce, "Baba, ka saki ƙwallon ta dama da kamar taƙi biyu, ƙasar tana gangarawa hagu ko da ido bai nuna ba." Na bi maganarsa, ƙwallo ya yi baka ya faɗa. Na tambaye shi bugu nawa yake gama filin. Ya ce shekararsa biyar a wurin, bai taɓa doka ƙwallo a kai ba, domin an daɗe da hana kadi wasa. Da aka tashi, aka wuce da ni baranda aka kawo abinci, shi kuma ya koma gindin bishiya. Daga inda nake zaune ina hango shi, abincin ya ƙi wuce mini.

Matsayi na uku a ƙasar Sikotland na same shi, a 2018, lokacin da na kai wa ɗan ƙanena ziyara a birnin Dundee inda yake karatu. Kusa da nan garin St Andrews yake, mai Tsohon Fili, wanda duk mai riƙe sandar golf a duniya yake burin takawa. Wasan ya tsufa a wannan ƙasa har ta kai a 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, don yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A St Andrews ne kuma aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya ta bi sahu.

Na zaci wuri mai irin wannan daraja sai da wasiƙar wani babba. Ashe a lokacin mutum ɗaya yana iya zuwa ya kama layi tun cikin dare, idan gurbi ya samu a haɗa shi da wasu. Ƙarfe uku na dare na tsaya cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Abu biyu aka nema a wurina: takardar shaidar cewa na iya wasan, da kuɗin shiga, wanda ba kaɗan ba ne. Ba a tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Aka haɗa ni da Amurkawa biyu da wani tsoho ɗan garin, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya ce mini mazauna garin da kuɗi kaɗan suke yankar takardar wasa ta shekara guda.

Filin bai da ƙawar da na zata. Babu inuwar bishiya, sai tudu da kwari da ƙaya, da iskar teku da take sauya fuska ba sallama, da ramukan yashi fiye da ɗari, wasu zurfinsu ya shanye tsayin mutum. A wurare bakwai ramuka biyu ne suke tarayya a dandamali ɗaya, kuma idan ka haɗa lambobinsu 18 suke bayarwa: na 2 da na 16, na 3 da na 15, haka har na 8 da na 10. A rami na 17 sai ka doka ƙwallo ta saman kusurwar harabar wani otal ba tare da ka ga inda zai sauka ba, ga titi da katanga suna jira a bayan rami. Bugu shida na yi a wurin, kuma na gode wa Allah. A rami na ƙarshe na haye 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan da kowane zakara ya taka, sai Kawu ya faɗo mini a rai, shi da ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, ya rasu bai taɓa fita Gana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar Lahadi na gan shi. In ba lokacin babbar gasa ba, ba a wasa a Tsohon Fili ranar Lahadi. Na koma na tarar mata suna tura kekunan jarirai, yara suna guje-guje, tsofaffi suna yawo da karnuka a kan ciyawar da attajiran duniya suke ƙetare teku don su taka. A bayan mafarar rami na ɗaya akwai ginin wani tsohon kulob da aka kafa a 1754, mai ƙofa a rufe sai ga mambobi, wanda bai karɓi mata ba sai 2014. Amma filin ba nasa ba ne, na jama'a ne. Tun 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin wasa a wurin. Sun taɓa rasa shi: a 1797 bashi ya sa majalisar gari ta sake shi, ya faɗa hannun masu kiwon zomo, kuma sai a 1894 ya dawo hannun gari. Kusan shekara ɗari suka yi kafin su gyara sakacin rana ɗaya. Buɗe shi ga kowa bai rage masa ƙima ba ko kaɗan.

Wannan ya sa nake da roƙo biyu ga 'yan'uwa. Na farko ga alhazanmu da yanzu suke shiga kulob ta ƙofar gaba: kuna da bakin magana a taron mambobi, ku nemi a ba yaran da ke ɗaukar jakunkunanku rana ɗaya a mako, ku kuma miƙa musu tsofaffin sandunan da ke kwance a bayan motocinku. A gindin waɗannan bishiyoyi akwai masu hannu irin na Kawu, kuma ba za a san su ba sai an bar su sun doka. Na biyu ga sarakunan zango da dattawan unguwa: kowa ya san filin da ya yi langa da ƙwallo a kai yana yaro, ya kuma san shagunan da suka tsaya a wurin yau. Inda sauran fili ya rage a zangonku, a nema masa takarda da sunan al'umma tun kafin mai saye ya zo da kuɗi a hannu.