Kumagannam: Ƙasar Da Ba A Zubar Da Tuwo

Arewa da Nguru da Gashuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, nan garin Kumagannam yake, inda fadama ta ƙare rairayi ya kama. Damina gajera ce, ƙasa kuwa ba ta riƙe ruwa, saboda haka duk wanda ya ga gero a rumbu ya san da gumi aka same shi.

Shi ya sa a wannan yanki, kamar sauran karkarar Arewa, da wuya abinci ya kai juji. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya a adana, dusa ta awaki ce, tsaki na kaji, harawa da karan gero kuwa na shanu. Abin da dabba ta ci kuma ya koma gona a matsayin taki.

Da matafiyi ya gangaro manyan garuruwan nan biyu, sai labari ya sha bamban. Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe tun wajen 1930, ta yi suna da busasshen nama da ake kai wa Kudu. Gashuwa, a bakin kogin Yobe, ta shahara da kifi. Watau su ma sun gaji hikimar shanya da banda. Amma yau jama'a ta yi yawa, kuma in kakar tumatir da albasa ta kama, abin da bai sami mai saye ba yakan ruɓe a bola, haɗe da leda. Ledar nan ita ce babbar ɓarna, gama tana lalata taki, akuyar da ta haɗiye ta kuwa sai ta rame.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan sulusin abincin duniya asararsa ake yi.

To, magani ba ya nesa. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. In hukuma da shugabannin kasuwa suka ware ruɓaɓɓen kaya dabam, leda dabam, suka tanadi wuraren shanya kauɗa masu tsabta, abin da ke damun birni da wari shi ne abin da gonakin Kumagannam ke ƙishirwarsa. Allah Ya sa masu iko su duba.