Mafarkin Wasu da Rashin Barcina

Tun da aka raba gado aka sayar da gidanmu na cikin birnin Zariya, barci ya yi mini yaji. An ce barci ɓarawo ne, to ni ɓarawon nan ya daina bi ta ƙofata. Nakan kwanta bayan isha'i in yi ta juyi har asuba ta gabato, ina ƙirga sassan gidan da ya zama na wani: zaure, turakar Baba, ɗakin Inna, da rijiyar da ke gindin darbejiya.

A irin wannan dare ne na kalli "Al-Manam", wato mafarki, na Muhammad Malas ɗan ƙasar Siriya. Fim ne na zahiri, ba ƙagaggen labari ba. Tsakanin 1980 da 1981 Malas ya zagaya sansanonin Falasɗinawa 'yan gudun hijira a Lebanon, har da Shatila, yana tambayar mazaunansu abin da suke gani a mafarki. Wasu sun ga mamatansu, wasu sun ga kansu a ƙasar da aka raba iyayensu da ita tun 1948. A watan Satumba na 1982 aka yi kisan kiyashin Sabra da Shatila, kuma cikin waɗanda aka hallaka har da wasu da ya ɗauka. Fim ɗin bai fito ba sai a 1987.

Kunya ta kama ni, domin ina rashina ina nasu? Ni takarda aka sa wa hannu, aka ƙirga mini rabona. Duk da haka na fahimci abu guda: mafarki ne kaɗai hanyar gida da ba a iya kafa wa shinge, mai rashin barci kuwa ko wannan hanyar an toshe masa. Sai dai tunani, shi kuma ba ya kai mutum ko'ina.

Bayan 'yan makonni na ga "Kazib Abyad", wato farar ƙarya, na Asma'u al-Mudir 'yar Maroko, wanda ya samo mata kyautar bada umarni a wani rukuni na bikin finafinan Cannes a 2023. Ta tashi a gidan da kakarta ta hana ajiye hotuna. Sai ita da mahaifinta, wanda magini ne, suka ƙera ƙaramin kwatankwacin unguwarsu ta Kasablanka da 'yan mutum-mutumi, ta zaunar da dangi da maƙwabta a gabansa. A nan bakuna suka buɗe game da zanga-zangar tsadar burodi ta 1981, da mutanen da aka kashe aka binne labarinsu.

Washegari na zana taswirar gidanmu a takarda, na kai wa Inna, na kunna na'urar ɗaukar murya ta wayata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ina ɗakin abokiyar zamana?" Na yi shiru. Na manta da shi sarai, tare da shekarun da ba a ga-maciji a tsakar gidan, da ranar da baiwar Allahn nan ta fita da kayanta tana kuka. Rijiyar ma, in ji Inna, ba a gindin darbejiya take ba, tana bayan madafa.

Ashe gidan da ya hana ni barci ba a taɓa gina shi ba. Kewa ce ta yi masa shafe, ta rushe ɗakin da bai yi mata daɗi ba. Abin da Malas da Asma'u suka yi shi ne tambayar masu rai tun suna da rai, ko da amsar za ta ɓata hoton da ke zuci.

Har yanzu barcin bai dawo duka ba. Amma idan dare ya raba, muryar Inna nake saurara, ina gyara taswirar. Saura ɗakuna biyu ba mu shiga ba, ita kuwa shekaru sun ja. Allah Ya ba mu ikon kammalawa.