Ta'aziyyar da Ban Yi Ba a Banda Aceh

Duk wanda ya zauna a arewacin Malesiya ya san yadda leƙa wata ƙasa yake da sauƙi ga mutanen wurin. A jihar Kedah, inda na yi karatun digiri na uku tare da mai ɗakina, Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, don haka tun yammacin Alhamis motoci ke yin jerin gwano a Bukit Kayu Hitam, bakin iyakar Tailan. Miji da mata za su tsallaka Hat Yai, tafiyar kamar awa ɗaya daga iyaka, su ci soyayyar kaza, su yi sayayya, su dawo kafin safiyar Lahadi. Wasu su gangara kudu su haye gadar Johor su shiga Singafo. Jiragen sama masu arha, waɗanda suka yawaita tun da AirAsia ta sauya hannu a 2001, sun jawo Medan da Bangkok kusa. Yawancin ƙasashen ƙungiyar ASEAN kuma ba sa neman biza daga 'yan juna idan ziyarar gajera ce.

Mu masu koren fasfo lissafinmu daban ne. Tailan sai da biza, Singafo sai da biza. Indonesiya kuwa ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake yi wa takardunsu bincike na musamman, sai an samu wanda zai tsaya maka a can, sai kuma izini ya fito daga Jakarta. Ga katin rigakafin shawara, ga takardar banki, ga wasiƙar makaranta. Tafiyar da maƙwabcina zai yanke shawararta da safe ya kama hanya da la'asar, ni sai na yi makonni ina shirinta, da kuɗin da aka tsakuro daga alawus ɗin ɗalibi.

A nan kuskurena ya samo tushe. Tun da na sha wahala kafin in shiga ƙasa, sai na ƙudurta cewa ba zan fito ba sai na ga duk abin da ake gani. Nakan rubuta jadawali a waya, kowane wuri da sa'arsa, har da mintocin da za a yi ana cin abinci. Ina ganin alheri nake yi wa matata, wadda ta ajiye koyarwa a gida ta biyo ni da takardar zama da ba ta ba ta damar aiki. Ban lura ba cewa zaman da take yi da matan unguwa da zuwa kasuwar dare sun sa ta iya Malayanci fiye da ni nesa ba kusa ba, ni da nake wuni cikin Turanci a makaranta. A Singafo mun yi azahar a Masallacin Sultan na Kampong Glam, ko tasbihi ban bari ta ƙarasa ba na aika mata saƙo cewa lokaci na tafiya. A kasuwar kan ruwa ta Khlong Hae da ke Hat Yai ta samu wata dattijuwa Musulma mai sayar da abinci a cikin kwalekwale, hira ta yi daɗi, na tsaya mata a ka har ta yi sallama. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Aceh ita ta zaɓa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Kuala Muda, ɗaya daga cikin wuraren da igiyar tsunami ta 2004 ta taɓa a gaɓar Kedah, ita ta riƙa ba ta labarin ranar, har ta ji tana son ganin inda abin ya fi muni. Ba zan fake da jahilci ba, domin na yi karatun wurin kafin mu tashi. Na san cewa ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004, gab da ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku yamma da tsibirin Sumatra da ƙarfin maki 9.1, kuma ba a yi awa ɗaya ba ruwa ya shigo Banda Aceh. Na san an rasa mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14, har da Somaliya a gaɓar Afirka, kuma kusan 170,000 daga cikinsu 'yan Aceh ne. Na san kafin ruwan lardin yana cikin yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan ƙungiyar GAM mai neman ɓallewa tun 1976, kuma bala'in ne ya taimaka aka sa hannu kan sulhu a Helsinki ranar 15 ga Agusta 2005, da shiga tsakanin tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari. Duk waɗannan alƙaluma suna kaina. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, duk baligin da zan haɗu da shi a garin, da wuya a ce bai binne wani nasa ba, ko kuma bai rasa wanda ko gawarsa bai gani ba.

Mai masaukinmu ne ya turo mana direba ya ɗauke mu daga filin jirgi, mutum mai matsakaicin shekaru, marar yawan magana. A kan hanyar shiga gari, a wani wuri da ake kira Siron, sai ya rage gudu sosai, na ga leɓunansa suna motsi, ya shafa fuska. Ya juyo ya tambaya ko za mu so mu ɗan tsaya. Na leƙa ta taga na ga fili ne kore da katanga da 'yan bishiyoyi, na duba waya na ga ba ya cikin jadawali, na ce mu wuce, ina so mu isa masallaci kafin rana ta yi zafi. Ya ce to. Filin nan makabarta ce da aka binne mutum sama da 46,000 a cikinta, ba suna, ba alamar kabari ko ɗaya.

Masallacin Baiturrahman ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Fari ne tas da baƙaƙen ƙubbobi bakwai. Na farkon ya ƙone a yaƙin da Holan ta ƙaddamar kan Aceh a 1873, Turawan da kansu suka sake gina shi daga 1879 zuwa 1881 don neman shiri da mutanen gari, aka yi ta faɗaɗa shi daga baya. A 2017 aka kafa masa manyan lemomi a farfajiya irin na Masallacin Madina. Ranar ruwan, jama'a da yawa a cikinsa suka tsira. Mun yi raka'a biyu, na ɗauki hotuna, na ce a tafi.

Daga nan sai Punge Blang Cut, inda wani jirgin ruwa mai ɗauke da injin wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, yake zaune a tsakiyar unguwa. Ruwa ne ya tsinko shi daga gaɓar Ulee Lheue ya kawo shi nan, tafiyar kilomitoci, ya dire shi a kan gidajen mutane. Na miƙa wa direban wayata na ce ya ɗauke mu, na ce wa matata ta yi murmushi. Da ya maido mini wayar, ina duba ko hoton ya fita, sai na jefa masa tambaya da guntun Malayancina: shi yana ina a ranar?

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara magana a hankali, idonsa a kan jirgin. Harshen Indonesiya da na Malesiya 'yan uwan juna ne, mai jin ɗaya yana tsintar ɗaya, to amma ni kalmomi kawai nake kamawa, kasuwa, babur, gida, ruwa. Hankalina kuma yana kan agogo, domin gidan tarihin tsunami yana gab da rufewa, ga kwalekwalen Lampulo da ya sauka a kan rufin wani gida ya ceci mutum 59 ban gani ba. Yana tsakiyar magana na dafa kafaɗarsa na ce, “To Pak, mu ƙarasa a mota.” A mota bai ƙarasa ba, ni ma ban sake tambaya ba. Na ji matata ta yi masa wata magana a hankali daga kujerar baya, ya gyaɗa kai, shi ke nan.

Gidan tarihin, wanda Ridwan Kamil ya zana aka buɗe a 2009, ana shigarsa ne ta wani siririn lungu mai duhu, ruwa na gangarowa a bangonsa hagu da dama, ana jin karatun Alƙur'ani. Can ciki akwai wani ɗaki mai tsawo kamar rijiya, sunayen mamata a jikin bango, sunan Allah a can ƙololuwa. Na fito ina cewa wurin ya taɓa mini zuciya. Na kuwa faɗa da gaskiyata. Sunayen da ke jikin bango sun sa ni ƙwalla, alhali mutumin da ke jiranmu a mota ban bari ya ƙarasa ambaton nasa ba.

Sai bayan isha'i, a masauki, ta yi magana. “Malam, ka san abin da bawan Allahn nan yake faɗa maka ɗazu?” Na ce wani na ji, wani ban ji ba. Ta ce ya fita kasuwa ne da sassafe a kan babur, shi ya sa ya tsira. Matarsa da 'ya'yansa biyu da mahaifiyarsa suna gida, kusa da teku. Bai ga gawar ko ɗaya ba. Tun da bai san ramin da aka sa su ba, duk makabartar da ya bi ta gabanta sai ya yi musu addu'a, ko suna ciki. Yana kan faɗin sunan ƙaramar 'yarsa na dafa shi. Ta ce, “Ni na yi masa gaisuwa a madadinmu. Amma kai ka tambaye shi, Malam. Kai da a gida ba ka wuce ƙofar gidan rasuwa ba ka tsaya ba.”

A daren na nemo wa kaina uzurori, kuma kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Ban ji yaren sosai ba. Wuraren nan gwamnati ce ta gyara su don baƙi su zo su gani, 'yan Aceh ɗin ma suna ɗaukar hoto a gaban jirgin, yara na wasa a gefensa. Kuma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Sai dai ba ɗaya daga ciki da ya kai ga ainihin laifin. Ba wanda ya sa ni tambayar. Ni na buɗe wa mutum ciwonsa don in cike 'yan daƙiƙun da nake duba hoto, da ya amince ya fara nuna mini, na ce masa lokacina ya fi. Wannan ba ya buƙatar jin yare. Muryarsa kaɗai ta isa ta gaya mini, da ina saurare. Tun ina yaro aka koya mini yadda ake shiga zaman makoki: ka tuɓe takalmi, ka zauna, ka ce ya haƙuri, a yi addu'a, ka yi shiru gwargwadon yadda masu gidan suka yi. Ba wai na manta ba ne. Na ɗauka cewa tun da na biya kuɗin biza da na jirgi da na mota, garin ya zama abin kallona, na shige shi kamar mai cin kasuwa da yamma ta yi masa, ina ta ɗiba kafin a tashi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne da na gane ba a Aceh na fara ba. Abin da na yi wa direban shi nake yi wa matata tun Singafo, sai dai ita ta daɗe tana haɗiyewa.

Na kwana da niyyar ba shi haƙuri da safe. Da gari ya waye wani saurayi ne ya zo da motar, ya ce yayansa ya samu wani aiki a wajen gari. Ko gaskiya ce, ko ya ga ba zai iya sake wuni da ni ba, Allah ne masani, kuma ba ni da bakin zargi. Na share jadawalin ranar. Saurayin ya kai mu Lampuuk, inda Masallacin Rahmatullah ya tsaya shi kaɗai bayan ruwa ya share ƙauyen da ke kewaye da shi, muka daɗe a zaune. Shi ya gaya wa matata cewa duk 26 ga Disamba masunta ba sa fita teku a Aceh, ana taruwa a masallatai da makabartu ana zikiri. A hanyar komawa filin jirgi muka tsaya a Siron muka yi wa mamatan addu'a. Na roƙi matata ta tsara mini kalmomin da suka dace, na faɗa wa saurayin ya isar wa yayansa cewa na yi kuskure, ina neman afuwa, Allah ya jiƙan iyalinsa. Ya ce zai faɗa. Amsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma saƙon baki ta hannun wani ba daidai yake da ka zauna gaban mutum ba. Har yau ina jin haƙƙinsa a wuyana.

A sauran zamanmu na Malesiya na soke shirin Burunai da Kambodiya, waɗanda dama don a ce mun je na sa su. Kudancin Tailan muka riƙa komawa, ita ke faɗin inda za a je da lokacin da za a tashi. Ta sake nemo dattijuwar Khlong Hae, suka ƙarasa hirarsu, ni ina zaune a gefe ana fassara mini. Ashe ɗanta ya yi karatu a Khartum, kuma ya zauna ɗaki ɗaya da wani Bahaushe.

Ɗaliban da suka zo bayanmu da iyalansu sun riƙa neman jadawalina na Aceh, domin an san ni da tsari. Nakan ba su bayanin biza da masauki da inda ake samun taliyar Aceh mai kyau da kofin Gayo. Sa'o'in nan duka na goge su. Siron na sa a layin farko, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa idan direba ya rage gudu a wurin, su ce masa ya tsaya, su fita tare da shi.