Ladabin Zance a Tsakanin Na'urori

Mu marubuta mukan ɗauki harshe tamkar gonar gādonmu. To, akwai wasu masana a jami'o'i waɗanda su ma suka ƙarar da rayuwarsu a kan harshe, illa dai nasu harshen na umartar kwamfuta ne. Abin da ya ja hankalinmu gare su kuwa, ya kai mai karatu, shi ne damuwarsu irin tamu ce: yaya za a yi mai magana da mai saurare su fahimci abu guda?

Ita kwamfuta ba ta da kara, ba ta kuma san habaici ba, abin da aka ce mata shi take yi. Shi ya sa masana suka ƙago tsarin nau'i, wato a bai wa kowane abu lakabinsa, wannan lamba ce, wancan rubutu ne, domin a kama kuskure tun kafin a tayar da manhaja. Robin Milner na Jami'ar Edinbara ya kafa hujjar lissafi a kan haka a shekarar 1978. Wanda ke ganin wannan wasan malamai ne, sai ya tuna da kumbon da Amurka ta aika duniyar Mars, wanda ya salwanta a watan Satumba na 1999. Wata manhaja ta ba da lissafinta da ma'aunin Ingilishi, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka ma'aunin mita ne. Lamba dai ta isa lafiya, amma kowace da abin da take nufi da ita.

Matsalar takan ƙara tsanani idan aiki ɗaya ya rarrabu a tsakanin na'urori da yawa, kowace a garinta. Duk sa'ad da muka tura kuɗi ta waya, na'urori ne ke zance a madadinmu. A nan sanin nau'in saƙo kaɗai bai wadatar ba, sai an san wa zai fara, wa zai amsa, kuma yaushe za a yi sallama. In wannan ta zauna jiran waccan, waccan ma tana jiran wannan, to, an shiga jiran gawon shanu ke nan.

Wani Bajapane mai suna Kohei Honda ya tunkari wannan a shekarar 1993. Ya ce a bai wa zancen kansa nau'i, wato a rubuta jerinsa tun daga farko har ƙarshe. Idan ɗaya zai aika, dole a sami ɗayan yana shirin karɓa. Idan ɗaya yana da zaɓi biyu, dole ɗayan ya tanadi amsar kowanne. A 1998 shi da Vasco Vasconcelos da Makoto Kubo suka shigar da dabarar cikin harshen manhaja, sa'an nan a 2008 shi da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa ta zuwa zancen da ya wuce na mutum biyu.

Misalin da suka kawo a wannan aiki na 2008 ya taɓa mu ƙwarai, domin cinikin littafi ne. Mutum biyu ke son haɗa kuɗi su sayi littafi mai tsada. Na farko ya aika wa mai sayarwa sunan littafin, mai sayarwa ya faɗa wa su biyun farashi, na farko ya gaya wa na biyu abin da zai iya bayarwa, shi kuma na biyu ko dai ya amince ya ba da adireshi a sa masa ranar kawowa, ko kuwa ya fasa. Akan rubuta wannan jeri sau ɗaya, sa'an nan a yanko wa kowa rabonsa, kamar yadda akan raba wa 'yan wasan kwaikwayo layukansu. Duk wanda manhajarsa ta saɓa wa rabonsa, za a gane tun bai buɗe baki ba.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Tana tabbatar da cewa mai sayarwa zai faɗi farashi a lokacin da ya dace, amma ko farashin na adalci ne, wannan ba huruminta ba ne. Haka kuma tsarin farko ya ginu ne a kan cewa kowane saƙo zai isa, shi ya sa masana suka ci gaba da binciken abin yi idan wata na'ura ta mutu ana tsakiyar zance. Honda ya rasu a Landan a watan Disamba na 2012, Yoshida kuwa ta koma Jami'ar Okusfod a 2022.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Littafin da ya fito daga maɗaba'a ba ya komawa ciki, haka ma saƙon da ya bar na'ura. Darasin da muka ɗauka daga waɗannan bayin Allah shi ne, kafin mu saki jimla mu tsaya a matsayin mai karɓa, mu tambayi kanmu: da wane ma'auni zai auna ta, kuma mun bar masa gurbin amsawa? Allah ya sa mu dace, amin.