Inda Bango Ke Faɗin Wane Ne Yaro

Duk wanda ya shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Guangzhou ta ƙasar Sin, in dai mai lura ne, zai ga ma'aunin tsawo kusa da ƙofar wucewa. Wani wurin layi ne kawai aka ja a jikin bango, wani wurin kuma zanen raƙumin dawa ne da lambobi jere a wuyansa. Haka yake a motocin bas, haka a gidan namun daji, haka a gidajen abincin da ake biya sau ɗaya a ci har a ƙoshi. Ɗan kasuwar da ya sauka unguwar Xiaobei hankalinsa na kan farashi da kwantena, wucewa kawai yake yi. Sai wanda ya zo da yaro ne zai gane cewa layin nan hukunci yake yankewa. A motocin haya, wanda kansa bai kai mita 1.2 ko 1.3 ba, gwargwadon birnin, kyauta zai shiga. A wuraren wasa akwai layi na biyu can sama, wanda ya zarce shi kuɗin manya zai biya, ko da jiya ya fara famfara.

A dogon hutun 2025 na tafi da 'yata. Mamana nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta. Shekarunta 10 a lokacin, tsawonta kuwa santimita 153, dangin uwarta ta ɗebo, ta miƙe kamar karan dawa a tsakiyar damina. Da na gama da kasuwa sai na kai ta wani wurin wasan ruwa a bayan gari. A allon bakin ƙofa an rubuta sharaɗi biyu: tikitin yara na wanda bai wuce mita 1.5 ba ne, ko wanda bai cika shekara 12 ba in an kawo shaida.

Kafin layi ya zo kanmu na tsaya ina kallon yaran Sinawa a jikin ma'aunin. Wani ya cire takalmi. Wata kakarta ta danne mata gashi da tafin hannu. Wani yaro ya ɗan lanƙwasa gwiwa, mai tsaron ƙofa ya taɓa masa kafaɗa yana murmushi, ya miƙe, ashe ya wuce da kamar faɗin yatsa biyu. Ina juyowa na ga Mamana ta sauke kafaɗu ta sunkuyar da kai, ba wanda ya ce ta yi.

"Abba, in na rage tsawo za su yarda?"

Na ce, "Miƙe tsaye, Mamana. Ga fasfonki a hannuna."

Budurwar da ke sayar da tikiti ta karɓi fasfon, ta duba, ta ɗaga kai ta kalli yarinyar, sannan ta rubuta 14 a takarda ta turo mini. Na girgiza kai na ɗaga yatsu goma. Ta sake dubawa, ta nuna mini lambar farko a wurin ranar haihuwa. A nan na fahimci inda aka samu saɓani. Sinawa da shekara suke farawa in za su rubuta kwanan wata, sai wata, sai rana. Fasfonmu kuwa rana ce a farko, wata da haruffa a tsakiya, lambobi biyu na shekara a ƙarshe. An haifi yarinyar ran 11 ga Maris 2015, ita kuma ta ɗauki 11 ɗin a matsayin 2011. Lissafinta ya ba ta shekara 14, idonta ma abin da ya gaya mata ke nan. Manhajar fassara a waya ba ta raba mu ba. Abin da ya raba mu shi ne layukan nan biyu na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'urar filin jirgi ke karantawa. A layi na biyu, bayan lambar fasfo da haruffan ƙasa, ranar haihuwa na nan da lambobi shida, kuma a fasfon kowace ƙasa shekara ce a gaba. Na ɗora yatsa a kan 150311. Ta dafe baki, ta yi dariya, ta ba Mamana haƙuri da hannu biyu, ta yanka tikitin yara. Duk mai zuwa Sin da dogon yaro ya riƙe wannan.

Da daddare na yi ta tambayar wani abokin cinikina Basine, mai shagon fitilu, dalilin da ya sa ƙasar da ke biyan kuɗin ruwan sha da waya take auna yara da bango. Ya ce gado ne. A da yara ba su da katin shaida, takardar rajistar iyali kuma ba a yawo da ita. Ga kuma lissafin gargajiya, inda jariri ke zuwa duniya da shekara ɗaya, a ƙara masa wata idan sabuwar shekara ta kama, har yaro ya zama yana da shekaru iri biyu. Kwandastan jirgi ba shi da lokacin gardama da iyaye dubu. Bango ba ya karɓar roƙo, kowa kuma yana ganin hukuncinsa.

Sai dai yaran sun yi ta girma suna barin layin a baya. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya nuna cewa daga 1985 zuwa 2019 matsakaicin tsawon samari 'yan shekara 19 a Sin ya ƙaru da kusan santimita 8. Madara da nama da ƙwai sun shiga gidajen da a da ba su san su ba. Sai ya zama iyayen da suka ciyar da ɗansu da kyau su ake caja ninki. A 2018 wani alƙali daga lardin Guangdong ya kai Disneyland ta Shanghai ƙara, don an sa ya saya wa 'yarsa mai shekara 10 tikitin manya saboda ta wuce mita 1.4. A farkon 2019 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Guangdong ta maka kamfanin Chimelong, mai manyan wuraren wasa a Guangzhou, a kotu kan wannan magana, kamfanin ya gyara tsarinsa aka janye ƙarar. Ni dai ina bayan masu ƙarar. Tsawo ba laifin yaro ba ne, ba kuma shi ya roƙa ba.

Abin ya taɓa ni ne don na san yadda dogon yaro yake rayuwa a ƙasarmu. Shi ake ɗora wa tulu mafi nauyi, shi ake ce wa "ƙato da kai" in ya yi kuka. Yarinya kuwa, tun tana aji huɗu mata ke fara kallonta a gidan biki suna cewa ta isa. Kuma da yawa ba su da takardar da za ta tsaya musu, don ba a karɓar musu shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ba, sai buƙata ta taso a je kotu a yi rantsuwar shekaru da kintace. Sin ta bi ta wata hanyar. Lambar shaidar ɗan ƙasa tana da gurbi 18, daga na 7 zuwa na 14 ranar haihuwa ce cif, kuma tun yana jariri ake ba shi ita.

Wannan lamba ce ta ba jiragen ƙasa damar barin bango. Kafin 1 ga Janairun 2023, tikitin yara na masu tsawon mita 1.2 zuwa 1.5 ne. Daga ranar aka koma shekaru: ɗan ƙasa da 6 kyauta in bai tare kujera ba, daga 6 zuwa ƙasa da 14 farashin yara. A tsohon tsari santimita 3 za su sa Mamana ta biya kuɗin babba. Muka hau jirgi mai saurin gudu zuwa Shanghai, allon cikin tarago yana nuna kilomita 300 a awa, gonakin shinkafa da gadoji suna wucewa, ba wanda ya kalli kanta.

Disneyland ta Shanghai, wadda aka buɗe ran 16 ga Yunin 2016 a yankin Pudong, layin jirgi mai lamba 11 ne ke kai mutum har bakinta. Wajen tikitin yara da tsawo ta fara, a 2019 ta yarda da shekaru ko tsawo, daga ƙarshen 2024 kuma shekaru kaɗai, daga 3 zuwa 11, kowane tikiti ɗaure da suna da lambar shaidar mai shi. Fasfon da na sa wajen saye a intanet shi muka miƙa a ƙofa. Gani ya kori ji: fadar da ke tsakiyar filin ta fi ta kowace Disneyland girma, a ɓangaren Zootopia kuma ƙofofi ma iri-iri ne, na ɓera daban na raƙumin dawa daban.

A can ciki ma'aunin ya sake fitowa, amma da wani aiki. A ƙofar TRON, inda ake hawa wasu babura masu haske a kifa ciki su cilla da mutum cikin duhu, sai mai santimita 122. Nan maganar rai ce, don ƙarfen da ke riƙe bayan mahayi ba ya kama ƙaramin jiki yadda ya kamata, ban kuma ga abin ƙorafi a ciki ba. Wani uba a gabanmu ya fito da katin ɗansa yana nuna shekarunsa, ma'aikaciyar ta durƙusa daidai fuskar yaron tana lallashinsa, amma ba ta buɗe igiya ba. Ya saɓa shi a wuya suka nufi wajen Winnie the Pooh, inda ba a auna kowa. Mamana ta wuce sandar ba tare da an ce ta tsaya ba, kafaɗunta a miƙe, ta juyo ta ce, "Abba, yi sauri, layin yana tafiya."