Lagireto da Man Giya

Lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, yana da aiki na biyu a yawancin motoci masu giya otomatik, domin a cikinsa akwai ƙaramin bututu da man giya ke ratsawa ya huce ba tare da ya gauraya da ruwan ba. Shi ya sa sauya lagireton ya fi buƙatar natsuwa a kan ƙarfi, kuma gogaggen bakanike yakan fara ɗaura bututun man guda biyu masu haɗa lagireton da giyar da hannu kafin ya ɗauki sifana, don kada noti ya hau a karkace, sannan ya cike man da ya zube. Ɗigon da aka raina a wannan mahaɗa yana iya ƙona giyar da kuɗinta ya ninka na lagireton.